Yadda muka kwana a dajin Adirondack muka hau Dutsen Marcy

Ɗan yayata ne ya jawo maganar. Yaron shekararsa 16, a Bronx aka haife shi, kuma tun da makarantarsu ta kai su wani sansani na kwana biyu ya dawo ba shi da zance sai ɗaya: "Kawu, yaushe za mu je daji mu kwana?" Ni kuwa shekarata tara a New York ina tuƙin mota, amma ban taɓa wuce Albany ba ta wajen arewa. Na ce masa in Allah Ya yarda kafin a koma makaranta za mu je. Alkawari kaya ne. Da na faɗa wa Alhaji, wani dattijo mutumin Maraɗi da muke salla a masallaci ɗaya, ya ce da shi za a je, domin rabonsa da kwana a fili tun yana bin shanun mahaifinsa. Wani abokina ɗan zangon Kumasi ya cike mu huɗu. Yaron ne ya zaɓi wurin: Dutsen Marcy, wanda ya fi kowane dutse tsayi a jihar New York, mita 1,629. Da na ji adadin sai hankalina ya kwanta, tun da duwatsun Shere na Jos sun fi shi tsawo. Na ɗauka abin da ya rage shi ne a sayi tanti a zuba mai a mota. Sai da na shafe kusan mako uku ina lalube kafin na gane inda aka dosa, shi ya sa nake rubuta wannan daki-daki saboda ɗan'uwan da zai bi bayanmu.

Ruɗanin farko shi ne sanin wa ke da wurin. A raina, gandun daji wuri ne mai ƙofa da mai gadi, kamar Yankari, ka biya ka shiga. Adirondack ba haka yake ba. An kafa shi a 1892, faɗinsa eka miliyan 6, wato ya fi jihar Kano girma, kuma ba shi da ƙofa ko shinge. A cikinsa akwai garuruwa da gonaki da makarantu, kusan rabin ƙasar ma ta mutane ce da ƙungiyoyi. Ɓangaren da yake na gwamnatin jiha kuwa, tun 1894 tsarin mulkin jihar ya ce a bar shi daji har abada, ba a sayarwa, ba a sare itacensa. Na kwana biyu ina duba shafin hukumar da ke kula da wuraren shaƙatawa na jihar, ban ga Marcy ba. Ashe hukumomi biyu ne. Waccan tana riƙe da wuraren shaƙatawa na sauran sassan jihar, amma dazuzzukan Adirondack da Catskill suna hannun hukumar kula da muhalli, wadda ake kira DEC. Duk dokar da ta shafi wannan tafiya a shafin DEC take. Da na san haka tun farko da na huta.

Mataki na biyu kama wurin kwana. Mun tsara mu tashi ranar Alhamis a ƙarshen Agusta, mu kwana ɗaya a sansanin gwamnati da mota ke shiga, sannan mu shiga daji mu yi kwana biyu. Sansanonin gwamnatin jihar ta shafin ReserveAmerica ake kama su. Za ka buɗe asusu da imel, ka saka rana da yawan mutane, ka ce tanti ne ko motar kwana, sai taswirar sansanin ta fito da lambobin filaye. Ana buɗe rajista wata tara kafin ranar, kuma mutanen nan da gaske suke, domin ni da na zo a Yuli duk Juma'a da Asabar na wuraren da ke bakin tafki sun tafi. Na samu fili a sansanin Meadowbrook da ke Ray Brook, tsakanin Lake Placid da Saranac Lake. Kuɗin dare ɗaya har da na rajista bai kai dala 30 ba, da katin banki na biya. Fili ɗaya mutum shida yake ɗauka da tanti biyu, don haka ya ishe mu. Wanda sunansa ke kan rajista shi zai gabatar da kansa da katin shaida, wannan a kula da shi, kada wani ya kama wuri da sunansa alhali ba zai je ba. Na buga takardar a kan farar takarda na saka a aljihun mota, ban dogara da waya ba, kuma na gode wa Allah da na yi haka.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne neman rajistar kwana biyun cikin daji. Dare uku ina zaune bayan na dawo aiki ina neman inda ake kama wuri a Marcy Dam, wata tsohuwar madatsar ruwa da ke kan hanyar dutsen, babu. Na kuma ci karo da wani shafi da ke cewa sai da rajista ake ajiye mota a shiga daji daga Mayu zuwa ƙarshen Oktoba, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan mun makara. Daga ƙarshe na buga waya ofishin DEC na Ray Brook da safe. Na ɗan jira kafin a haɗa ni da wata mata, ita ce ta warware min komai cikin minti goma. Ta ce waccan rajistar da aka fara a 2021 ta wata mashiga ce daban a wajen St. Huberts, ƙasar wata ƙungiya, ba ta shafi hanyar da za mu bi ba. Ta ce kwana a cikin daji ba a kama shi, ba a biyan ko sisi, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Takardar izini daga malamin daji sai ga wanda zai wuce dare uku a wuri ɗaya, ko ayari na mutum 10 zuwa sama, amma a yankin manyan duwatsun ayarin kwana ba ya wuce mutum 8 ko da izini. Sannan ta jero min abubuwan da suka sauya duk shirinmu. A ɓangaren gabas na yankin, inda Marcy yake, ba a hura wuta ko kaɗan, sai ɗan murhun gas. Ba a shiga da kwalba ta gilashi. Kuma daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Nuwamba dole duk mai kwana ya saka abincinsa a cikin wani gwangwani mai ƙarfi da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai bin ƙanshin abinci, ba ta iya buɗewa. Ta ƙara da cewa kada mu ɗauko itacen girki daga birni, domin doka ta hana kai itacen wutar da ba a gasa don kashe ƙwari ba fiye da mil 50 daga inda aka sare shi, saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikinsa suna kashe bishiyoyi.

Da na kai wa Alhaji labarin wuta ransa bai so ba. Ya riga ya yi odar rabin rago, yana ganin kowane dare za a yi gashi. Ya ce, "Malam, wane irin daji ne babu wuta?" Muka daidaita a kan a yi gashin daren farko a sansanin gwamnati, inda kowane fili yake da murhunsa, sauran kwanakin kuma a ci busasshen abinci. A nan abincinmu na gida ya yi rana. Kilishi da dambun nama da wata baiwar Allah ke yi a unguwarmu, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa, madarar gari, ganyen shayi da taliyar leda. Babu mai nauyi, babu mai lalacewa. Wajen kaya kuwa mun yi kuskure biyu. A wani babban kanti mai arha na sayi buhunan barci guda huɗu, mai sayarwa ya tabbatar min za su yi, ban duba lambar sanyin da aka rubuta a jikinsu ba, ashe na kwanan zafi ne. Na biyu kuma tufafi. Matar ofishin ta ce a guji auduga, domin idan ta jiƙe da gumi ba ta bushewa, tana zuƙe ɗumin jiki. Na ji, amma ban matsa wa sauran ba. Tanti biyu da jakunkunan goyo aro muka yi. Abin da na saya da kuɗi mai kauri shi ne takalma masu riƙe idon sawu ga ni da yaron, da matatar ruwa, da tocilar goshi ɗaya ga kowa, da taswira ta takarda.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba muka kama babbar hanya mai lamba 87. Har Albany ana biyan kuɗin hanya, daga nan zuwa arewa kyauta ce. Muka sauka a mafita ta 30 muka bi hanya ta 73 ta Keene Valley, inda duwatsu suka fara matse titi ta kowane gefe, sabis ɗin waya kuma ya fara zuwa yana tafiya. Da tsayawa da komai tafiyar ta ci kusan awa shida. Muka wuce Lake Placid, garin da ya karɓi wasannin Olamfik na hunturu a 1932 da 1980, har yanzu dogayen hasumiyoyin tsallen ƙanƙara suna tsaye a bakin gari. A rumfar shiga sansani motoci uku ne a gabanmu. Ma'aikacin ya karɓi takarda da lasisina, ya rubuta lambar mota da sunayen mu huɗu, ya ba mu kati mu ajiye a gaban gilashi. Tambayarsa ta farko ita ce ko mun zo da itace. Muka ce a'a, ya nuna mana inda ake sayarwa kusa, ya ce mu riƙe rasit. Ya kuma tuna mana cewa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe ba a hayaniya. Sansanin yana da famfo da banɗaki da wurin wanka, yana kuma kusa da titi har kana jin motoci, amma ya yi mana amfanin da ban zata ba. A nan muka koyi kafa tanti da sauran hasken rana, muka gwada murhu, muka gano cewa ɗaya daga cikin tantunan ba shi da turaku biyu. Alhaji ya yi gashinsa, har maƙwabtanmu wasu mata da miji tsofaffi suka zo suka ɗanɗana. Muka duba alƙibla, wadda a nan take arewa maso gabas, muka haɗa magariba da isha'i a kan tabarmar roba. Da tsakar dare sanyi ya sauko irin na tsakiyar hunturu a Kano, a watan Agusta. Da safe kafin komai muka koma Lake Placid muka sayi barguna marasa nauyi da rigunan ciki na roba ga Alhaji da abokina.

Wannan sayayya ta sa muka isa bakin daji da hantsi. Hanyar Marcy mafi sauƙi tana farawa daga masaukin Adirondack Loj da ke bakin tafkin Heart, kuma nan ma ƙasar wata ƙungiyar masu hawan dutse ce, ba ta gwamnati ba, don haka katin sansanin jiya bai yi aiki ba. Ana biyan kuɗin ajiye mota na kowace rana, mu mun biya kusan dala 20 sau uku. Mun yi sa'a Juma'a ce, kuma wasu suna fita, domin mai karɓar kuɗin ya ce ranar Asabar tun da sassafe filin ke cika a mayar da mutane. A gefen filin akwai ɗakin bayar da bayani, a nan ake hayar gwangwanin beyar. Baƙi ne, mai kama da ƙaramar ganga, murfinsa da kwabo ake murɗe shi. Hayar 'yan daloli ce a rana, ana riƙe bayanin katinka har ka dawo da shi. Saurayin da ke wurin ya tambaye mu dare nawa, mutum nawa, ya ce ɗaya ba zai ishe mu ba, muka karɓi biyu. Ya ce mu zazzage kayanmu a kan benci. Duk abin da ke da ƙanshi cikin gwangwani zai kwana, har da man goge baki da man shafawa da shara. Alhaji ya fito da 'yar kwalbar turarensa da ba ya rabuwa da ita saboda salla, saurayin ya ce biyu ta haɗa, ga gilashi ga ƙanshi. Alhaji ya juya ta a hannu, ya shafa kaɗan a gemu, ya mayar da ita mota bai ce komai ba. Muka cire taliya daga kwalayenta, muka matse iska daga ledoji, muka danna komai da ƙyar. Biredi ne kawai ya ƙi shiga, muka cinye shi a tsaye.

A bakin turba akwai akwatin katako da littafi a ciki. Za ka rubuta suna da gari, lambar waya, yawan mutane, inda za ku, da kwana nawa. Babu mai tsaye a kanka, amma idan wani ya ɓata wannan littafin malaman daji ke fara dubawa. Yaron ya ce shi zai rubuta, na bar shi. Kafin nan na riga na tura wa yayata saƙo da sunan turbar da ranar da za mu fito, na ce idan Lahadi da daddare ba ta ji mu ba ta kira hukuma, domin daga nan waya ba abin dogaro ba ce. Turbar sunanta Van Hoevenberg, mil 7.4 ce zuwa ƙololuwa, kusan kilomita 12, kuma ana bin wasu shuɗɗan faya-fayai da aka kafa a jikin bishiyoyi. Mil biyu da ɗoriya na farko zuwa Marcy Dam ba su da hawa sosai, amma da kaya a baya sai da muka yi awa ɗaya da rabi. Madatsar ta katako ce, guguwar Irene ta fasa ta a 2011, ba a sake gina ta ba. Inda tafki yake a da yanzu fadama ce da rafi ke ratsawa, duwatsu sun kewaye ta.

Wurin kafa tanti ma yana da ƙa'ida. Ana neman bishiyar da aka kafa wa rawayen faifai mai hoton tanti, a nan ake sauka. A dajin gwamnati gaba ɗaya ba a kwana ƙasa da ƙafa 150 daga ruwa ko turba ko titi sai inda aka saka wannan alama, kuma a lokacin zafi ba a kwana sama da tsayin ƙafa 4,000. Akwai kuma rumfuna na gungumen itace masu bango uku, gaba a buɗe, su ma na kowa ne, idan da sauran wuri dole ka matsa wa wanda ya zo. Biyu da muka leƙa da mutane, muka zagaya kusan rabin awa kafin muka samu fili mai alama. Da yamma mai kula da wurin, wanda ke da ɗan ɗaki a kusa, ya zagayo ya ce mu nuna masa gwangwanayenmu. Ya ce a yi girki tun da rana, nesa da tanti, a kai gwangwani aƙalla ƙafa 100, a ajiye a ƙasa a fili, kada a rataye shi, kada a sa shi kusa da gangare ko rafi. Shi ya ba mu labarin wata beyar da ake kira Yellow-Yellow saboda rawayen alamomi biyu a kunnuwanta, wadda ta koyi buɗe wani nau'in gwangwani mai garai-garai, har ta yi suna a faɗin Amurka kafin wani maharbi ya kashe ta a 2012. Ya ce beyar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta kisa ne, don haka dokar ta kare su ce kamar yadda take kare mu. Wannan maganar ta shiga Alhaji, shi da ya yi kiwo. Daga nan shi ne ke bin ƙasa yana tsince ko ɓurɓushin gyaɗa.

Maganar ruwa da tsarki ta cancanci a tsaya a kanta, domin babu wanda zai faɗa maka ita yadda ta shafe mu. Ruwan rafin garau yake kamar hawaye, amma ba a sha sai an tace ko an tafasa, akwai ƙwayar cuta mai sa gudawa. Matata ɗaya ga mutum huɗu ta yi kaɗan, kullum sai mun ɓata rabin awa a durƙushe muna matsa. Alwala kuwa ba a cikin rafi muke yi ba. Mukan ɗebo a buta ta roba mu matsa can nesa, kuma ba ma sa sabulu kusa da ruwa. Sanyin ruwan da asuba har cikin ƙashi, don haka muka riƙa ɗumama kaɗan a murhu saboda Alhaji, abin da ya sa gas ɗinmu ya kusa ƙarewa. A Marcy Dam akwai masai na katako. Inda babu, ana haƙa rami mai zurfin inci 6 zuwa 8, ƙafa 150 daga ruwa da turba, a rufe bayan an gama. Buta ɗaya mara nauyi da ɗan cebur sun wadatar. A daren ban yi barcin kirki ba, kowane motsin ganye sai na buɗe ido. Da asuba muka tarar an ture gwangwani ɗaya ya gangara 'yan taku, da taɓo a jikinsa, murfin yana nan daram. Ba mu ga abin da ya taɓa shi ba.

Asabar da fitowar rana muka bar tantuna a kafe, muka ɗauki ruwa da abincin rana da rigunan ruwa da tocila. Kafin mu tashi na ce duk inda ƙarfe 1 ta same mu, ko mun kai ko ba mu kai ba, juyawa za mu yi, kowa ya amince. Daga madatsar zuwa sama kusan mil biyar ne, kuma a nan na gane tsayin dutse a takarda ba ya faɗa maka halin hanyarsa. Turbar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Kamar busasshen kwari take, cike da duwatsu masu santsi da saiwoyi da caɓi baƙi ƙirin, kowane taku sai ka zaɓi inda za ka sa ƙafa. Ana so ka ratsa ta tsakiyar taɓon, kada ka kauce gefe, domin kaucewa ke faɗaɗa hanya tana kashe tsirrai. Wajen ƙarfe 9 da rabi muka kai Indian Falls, mil 4.4 daga inda muka bar mota, inda ruwa ke bi ta kan wani faffaɗan fa ya zuba ƙasa, kana hango Dutsen Algonquin a gabanka. A nan Alhaji ya zauna ya naɗe ƙafar wando, gwiwarsa ta kumbura. Ya ce, "Ku je, ni na ga abin da na zo gani." Ban yarda a bar shi shi kaɗai ba. Abokina ya ce shi ma ya ishe shi, zai koma da shi a hankali. Muka raba ruwa, na ba su taswira tun da mu alamomi za mu bi kuma akwai mutane a hanya, abin da yanzu nake ganin bai kamata ba, kowane rukuni ya kamata ya riƙe tasa.

Ni da yaron muka ci gaba. Bishiyoyi suka riƙa gajarta har suka koma iya ƙugu, duk sun karkace gefe ɗaya saboda iska, daga nan sai dutse tsirara. A wannan wurin alamar hanya rawayen fenti ne a kan fa da tulin duwatsu. Gumin da ke jikina ya koma ƙanƙara cikin minti biyar, muka saka duk rigunan da muka ɗauko. Akwai inda sai da hannu da gwiwa. Yaron yana gaba yana juyowa, "Kawu, saura kaɗan," ni kuwa numfashina kamar zai fita. Ƙarfe 12 da 'yan mintuna muka kai. A jikin dutsen akwai allon ƙarfe na tunawa da hawan farko da aka rubuta a 1837, lokacin da ayarin Ebenezer Emmons ya sa masa sunan gwamnan jihar na wancan zamani, William Marcy. Wata budurwa mai aikin kula da ƙololuwa ta tare mu da fara'a, ta roƙe mu mu taka dutse kawai. Ta durƙusa ta nuna mana wasu tsirrai ƙanana da suka manne a tsagar fa, ba su fi tsawon yatsa ba, ta ce irin na ƙasashen ƙanƙara ne da suka rage a nan tun zamanin da ƙanƙara ta rufe yankin, kuma 'yan takun takalmi sun isa su kashe abin da ya yi shekaru yana girma. Ta nuna mana ta inda ɗan tafkin Tear of the Clouds yake a ƙasa, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin kogin Hudson mafi tsayi. Na tsaya ina tunanin kogin nan da nake tsallakawa da fasinja kullum a kan gadar George Washington. Duk inda ka juya daji ne da duwatsu har iyakar gani. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Tabarakallah," kalmar da ban taɓa ji a bakinsa ba. Muka fake a bayan wani dutse muka ci dabino da kilishi, ba mu fi minti ashirin ba sanyi ya kore mu.

Saukowa ta fi hawa wuya. Gwiwoyi suna rawa, santsi ya ƙaru, na zame sau biyu, ruwanmu ya ƙare kafin Indian Falls kuma matata tana wajen su Alhaji. Wani mutum da 'yarsa suka tace mana lita ɗaya, Allah Ya saka musu. Muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a kan fa ɗin, muka iso sansani rana na shirin faɗuwa, muka tarar Alhaji ya dafa shayi ya jiƙa garin kwaki da madara. Lahadi da safe muka naɗe komai, muka zagaya filin sau biyu muna neman ko guntun leda, muka fito da shararmu a cikin gwangwani. A akwatin bakin turba yaron ya nemo layinmu ya sa alamar mun fito, wannan ma wajibi ne kada a fita neman wanda yake gida. Muka wanke gwangwanayen muka mayar, sannan kowa ya duba jikinsa da kyau, bayan gwiwa da hammata da ƙugu, saboda kaska, wadda a jihar nan take ɗauke da cutar Lyme. Da sabis ya dawo saƙon yayata bakwai ne suka shigo a jere.

Da na zauna na yi lissafi, abin da muka biya na wurin kwana da ajiye mota da hayar gwangwani bai kai dala 150 ba mu huɗu. Mai da kuɗin hanya da takalma da sayayyar gyaran kuskure su suka ci kuɗi. Wanda zai je, ya fara tambayar kansa a ƙasar wa zai taka kowace rana, domin mu a kwana huɗu mun taka iri uku, sansanin gwamnati da ake kamawa a biya, filin ƙungiya mai kuɗinsa daban, da dajin da ba a biya amma ya fi su dokoki. Ya buga waya ofishin DEC tun makon farko, ya kuma sake duba dokokin kafin ya tashi domin ana sabunta su. Ya karanta lambar sanyin buhun barcinsa da idonsa. Matata biyu, taswira biyu, gas fiye da yadda yake zato. Idan da dattijo a tafiyar ko wanda bai saba ba, kada Marcy ya zama na farko. Dutsen Jo yana nan kusa da filin ajiye motar, awa biyu zuwa uku an je an dawo, kuma daga kansa ana ganin Marcy ɗin sosai. Can na yi wa Alhaji alkawarin kai shi baɗi idan gwiwar ta warke. Rajistar Agusta a Nuwamba take buɗewa, na riga na sa ranar a waya, wannan karon fili na bakin tafki nake so in kama mana.